Yadda Za Ka Shirya Keke Mai Lantarki, Ka Riƙa Zuwa Aiki da Shi, Batirinsa Ya Daɗe

Keke mai lantarki keke ne irin wanda ka sani, an dai ƙara masa abubuwa huɗu: inji, batir, ɗan akwatin da ke auna wutar da za ta je wa injin, da allo a kan hannun keken. Waɗannan su ke kai nauyinsa kilo 20 zuwa 30, kusan ninki biyu na keken da ba shi da inji, kuma su ke sa wanda bai taɓa wuce kilomita 15 a awa ba ya ga kansa a 25 ba tare da ya yi gumi ba. Yawancin kurakuran sabon shiga daga nauyin nan da gudun nan suke fitowa, sauran kuma daga rashin sanin halin batir.

Kayan da za ka tanada

Hular kwano wadda ta zauna daram a ka, ba ta karkata idan ka girgiza kai. Fitilar gaba fara da ta baya ja, idan keken bai zo da su ba. Kwaɗo mai ƙarfi, irin lanƙwasasshen ƙarfen nan mai siffar U ko sarƙa mai kauri. Famfo mai agogon auna iska. Alanki, wato ƙarfen nan mai kusurwa shida, lamba 4, 5 da 6. Sufana lamba 15 don feda, da lamba 18 ko 19 idan injinka a cikin tayar baya yake, ka duba wadda ta dace da notinka. Tub ɗaya sabo daidai girman tayarka, kayan faci, da robobin ɓanɓare taya guda biyu ko uku. Man sarƙa da tsumma. Sai cajar da ta zo da keken, ita kaɗai.

Idan ba ka samu famfo mai agogo ba, sayi ɗan ma'aunin iska daban. Latsa taya da yatsa ba ya gaya maka komai a keke mai nauyi haka, domin tayar da ta rasa kashi ɗaya cikin uku na iskarta za ta yi maka tauri a hannu.

1. Yi lissafin batir kafin komai

A jikin kowane batir akwai lambobi biyu, ɗaya da V ɗaya da Ah. Ka ninka su, abin da ya fito shi ne yawan wutar da batirin ke ɗauka, ana rubuta shi da Wh. Batir mai 36V da 14Ah yana ɗaukar 504Wh. Mai 48V da 10Ah yana ɗaukar 480Wh. Da wannan lambar ake gwada batir da batir. Kilomitar da aka rubuta a takardar talla, an auna ta ne da mutum mara nauyi a shimfiɗaɗɗiyar hanya da taimako mafi ƙanƙanta, wato matakin turin inji da ake zaɓa a allo.

Mutum matsakaici da ke taka feda a taimako na tsakiya yakan ci wajen 10Wh a kowace kilomita. Wanda ya bar feda ya dogara da totur zalla zai iya cin ninkin haka. Ka kuma cire kashi 20 cikin ɗari wanda bai kamata ka riƙa taɓawa ba. Ke nan batir mai 500Wh zai ba ka kamar kilomita 40 da feda, wajen 20 da totur kaɗai. Idan tsakanin gidanka da wurin aiki kilomita 12 ne, zuwa da dawowa 24, wannan batirin ya ishe ka har da rara. Rarar nan tana da amfani, domin batir yana raguwa da shekaru, ga iska mai bugowa ta gaba, ga hawa, ga kaya a baya, kowanne da rabonsa.

Game da inji, iri biyu ne. Akwai wanda ke cikin cibiyar taya, galibi ta baya: ba ya wahalar da sarƙa, kula da shi da sauƙi, ya dace da hanyar da ba ta da tudu sosai. Akwai wanda ke tsakiya wurin feda, yana jan sarƙa ta cikin giya, don haka ya fi ƙarfin hawa, amma yana cin sarƙa da haƙoran giya da wuri. Ga mai zuwa aiki a hanya shimfiɗaɗɗiya, na cikin taya ya wadatar, ba sai ka nemi abin da ya fi shi ba.

Ka bincika dokar ƙasar da kake. A Tarayyar Turai da Birtaniya, abin da doka ta ɗauka a matsayin keke shi ne mai injin wat 250 wanda taimakonsa ke yankewa a kilomita 25 a awa. A Amurka ana kaiwa wat 750, kuma jihohi da yawa sun raba kekunan aji uku, biyu suna tsayawa a kilomita 32 a awa, na uku a 45. Abin da ya wuce iyakar ƙasa sau da yawa babur ne a idon doka, da lasisinsa da inshorarsa. Ka kuma duba ko akwai shaidar gwajin lafiyar kayan wuta a jikin keken ko takardunsa, irin su EN 15194 ko UL 2849. Batirin da ba a san wanda ya ƙera shi ba, a bar shi ko da an ba da shi kyauta.

2. Haɗa keken, ka daidaita shi da jikinka

Idan a kwali ya zo, abin da ya fi rikita mutane shi ne feda. Ta dama tana ɗaurewa yadda kowane noti ke ɗaurewa. Ta hagu baibai take, ana juya ta ɓangaren da aka saba kwancewa. Akwai harafin R da L a jikinsu. Ka fara da hannu, ka shafa ɗan giris, sai ta shiga zagaye uku ko huɗu lafiya kafin ka sa sufana. Idan ta cije tun farko, ka tsaya, ba ta hau daidai ba, tilasta ta zai cinye zaren.

Tsayin sirdi: hau, ka ɗora diddigenka a kan feda lokacin da take ƙasa ƙarshe. Ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugunka ya karkata ba. Da ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe, nan ne daidai. A jikin sandar sirdin akwai layin da bai kamata ya fito waje ba, kada ka wuce shi. Sabon shiga zai iya sauke sirdin da santimita biyu a makon farko don ƙafarsa ta riƙa kai ƙasa da sauri, daga baya ya ɗaga.

Ka ɗaure notunan hannun keken a hankali, kowanne kaɗan-kaɗan har su yi daidai. Yawancinsu 5 ko 6 Nm, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri, ake rubutawa a kansu, wanda ƙarfin yatsu ne a gajeren ɓangaren alanki, ba ƙarfin kafaɗa ba. Sai ka matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinka ka gwada murɗa hannun. Bai kamata ya motsa ba.

Ka buga iska bisa lambar da ke gefen tayar. Tayar gari mai faɗin inci biyu takan so 40 zuwa 55 psi, wato ma'aunin iska da ke agogon famfo, mai kaurin nan ta inci huɗu kuwa wajen 20. Ta baya ta fi ta gaba da kaɗan, tunda ita ke ɗauke da yawancin nauyi.

Daga nan ka gano wane hannun birki ne na gaba. A wasu ƙasashe na dama ne, a wasu na hagu, kuma keken da aka shigo da shi daga waje zai iya zuwa da saɓanin abin da hannunka ya saba.

3. Caji

Nan ne ya kamata ka fi natsuwa, domin batir shi ne mafi tsada a jikin keken, shi ne kuma kaɗai abin da zai iya jawo gobara.

Juya cajar ka karanta abin da take fitarwa. Batirin litiyam mai 36V yana cika ne a 42V, mai 48V a 54.6V, mai 52V a 58.8V. Dole lambar cajar ta dace da ta batirin. Bakin caja iri ɗaya ne a kekuna da yawa, saboda haka shigar da ta yi ba shaida ba ce. Cajar 54.6V a kan batirin 36V tana tura masa wutar da ta fi ƙarfinsa, kuma ta wannan hanyar batura da yawa suke kamawa da wuta. Idan taka ta ɓata ko ta lalace, ka nemi ta kamfanin da ya yi keken, kada ka ari ta wani don bakinta ya shiga.

Don sanin tsawon lokaci, raba Ah na batir da lambar da ke da A a jikin caja. Batir 14Ah da caja 2A awa bakwai ne daga ƙasa zuwa cika, a ƙara ɗan lokaci don ƙarshen caji yana tafiya a hankali.

Ka cika shi sarai a karon farko. Bayan haka ga yadda za ka riƙa yi:

Idan ka dawo daga tafiya, bar shi ya huce rabin awa kafin ka jona. Caji a kan batir mai zafi yana tsufar da shi. Haka nan kada ka yi caji a rana, ko cikin motar da aka rufe, ko kusa da murhu. A wurin da sanyi ke kaiwa daskarewar ruwa, kada a yi caji sai batirin ya shigo ɗaki ya ɗumama, domin caji a ƙasa da digiri 0 yana yi wa litiyam lahanin da ba ya gyaruwa.

Ka ajiye shi a kan siminti ko tayil, nesa da katifa, labule da takardu. Kada ka yi caji a bakin ƙofa ko a kan matakala, wato hanyar da za ku bi ku fita idan wani abu ya faru. Kada ka jona ka kwanta barci, kada ka jona ka fita. Da fitilar cajar ta koma kore, cire.

Batirin litiyam ya fi son zama tsakanin kashi 20 da 80. Ba ya buƙatar a ƙarar da shi kafin a cika, wancan halin tsofaffin batura ne. Idan tafiyarka ta yau da kullum rabin batir take ci, ka riƙa tsayar da caji wajen 80 ko 90, ka cika shi sarai sau ɗaya a mako biyu ko uku, don na'urar da ke cikinsa ta daidaita ƙwayoyinsa. Wasu kekunan suna da wurin saita wannan iyaka. Idan naka ba shi da shi, ka sa ƙararrawar waya bisa lissafin da ke sama. Batir mai kyau da aka riƙe haka yakan yi cikakken caji 500 zuwa 1,000 kafin ƙarfinsa ya ragu ƙwarai.

Akwai kekunan da ke zuwa da batirin dalma mai nauyi irin na babur. Shi ka'idarsa akasin wannan ce: a cika shi bayan kowace tafiya, barinsa a sauke yana kashe shi.

Inda wuta ba ta tsayawa, ka cire cajar daga soket da zarar an ɗauke, ka jira wutar ta dawo ta daidaita kafin ka mayar. Cajar 2A ba ta wuce jan wat 100 zuwa 130 ba, don haka ƙaramin inbata na sola zai ɗauke ta, muddin mai fitar da tsaftatacciyar wuta ne irin wadda ake sa wa kwamfuta.

Alamun haɗari su ne kumburi, tsagewa, wari mai kama da na sinadari, ƙarar huci, ko zafin da hannu ba ya iya jurewa. Da ka ga ɗaya daga ciki, cire daga wuta, ka fitar da shi waje nesa da gini idan ana iya taɓa shi lafiya, kada ka sake amfani da shi. Idan ya fara hayaƙi, kada ka tsaya kokawa da shi. Hayaƙin guba ne, wutar kuma tana iya sake tashi bayan an zaci ta mutu. A fita, a rufe ƙofa, a kira ma'aikatan kashe gobara. Batirin da ya faɗi da ƙarfi ko ya nutse a ruwa, mai gyara ya duba shi kafin a sake jona shi, ko da a ido lafiya yake.

4. Koyi hawa a fili kafin titi

Ko ka shekara ashirin kana hawan keke, ba wannan awa ɗaya a filin da babu motoci.

Ka haye tukuna, sannan ka kunna, ƙafarka ba a kan feda ba. Wasu kekunan suna auna nauyin da ke kan feda a lokacin kunnawa, idan ka taka a lokacin sai lissafinsu ya rikice. Fara da taimako a 0, ka yi zagaye biyu ka ji nauyin, sannan ka hau mataki na 1.

Ka gane irin na'urar da ke tayar da injinka. Wata juyawar feda kawai take gani: sai ka yi kamar rabin zagaye sannan injin ya zabura gaba ɗaya, kuma yakan ci gaba da turi na ɗan lokaci bayan ka daina takawa. Wata kuma ƙarfin takunka take aunawa, tana ba ka gwargwadon abin da ka bayar. Ta farkon ita ke kayar da mutane a ƙaramar kwana, mutum ya ɗan taka don ya daidaita, keken ya fizge shi. Maganinsa, a wuri matsattse ka sauke taimako zuwa 1 ko 0, yatsu biyu kuma suna kan birki. A yawancin kekuna masu inji a taya, taɓa birki kaɗan yana yanke wutar injin nan take.

Sai gwajin tsayawa. Nisan da keke ke buƙata kafin ya tsaya ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, yana ninkuwa ne: a kilomita 25 a awa kusan sau uku ne na kilomita 15. Ka ja layi a ƙasa, ka taho, ka matse birki biyu tare, ka tura ƙugunka baya, hannuwa a miƙe. Na gaba shi ke yin yawancin aikin, amma a matse shi a hankali ana ƙarawa, ba a damƙe shi lokaci ɗaya ba. Ka maimaita sau 15 zuwa 20 daga matsakaicin gudu ba tare da ka tsaya cak ba. Wannan yana koya wa hannunka, yana kuma sa sabbin takalman birki su zauna da faifansu, su daina kuka su fara kamawa sosai.

Kada ka manta da giya don akwai inji. Ka sauko giya mai sauƙi kafin ka tsaya, ka tashi da ita. Tashi da giya mai nauyi yana zuƙe batir, yana zafafa inji. Ƙafarka ta riƙa juyawa kamar sau 70 zuwa 80 a minti. Idan injinka na tsakiya ne, sassauta taku daidai lokacin canza giya, in ba haka ba za ka ji ƙas, kuma haka sarƙa ke tsinkewa.

5. Gwada hanyar aiki ranar da ba ka aiki

Hanyar da mota ke bi ba lallai ita ce ta keke ba. Ƙarin kilomita biyu ta layukan da babu manyan motoci minti biyar ne kacal a wannan keken, kuma sun cancanta. Ka cika batir, ka je ka dawo da irin kayan da za ka riƙa ɗauka, ka rubuta lokacin da ka ɗauka da abin da ya rage.

Kada ka yarda da layukan batir da ke kan allo ɗari bisa ɗari. A kekuna da yawa layi zai ɓace a kan hawa ya dawo a gangara, kuma layuka biyun ƙarshe sun fi na farko saurin tafiya. Hanya mafi tabbas ita ce lokacin caji: idan bayan tafiyar cajar 2A ta yi awa uku kafin ta koma kore, ka ci wajen 6Ah, wato ƙasa da rabin batir mai 14Ah.

Kaya a ɗora su a kariyar baya ko jakunkunan gefe, masu nauyi a ƙasa. Jakar goyo tana jiƙa baya da gumi, tana kuma ɗaga nauyi sama. Idan wurin aikin ya yi nisa har batir ba ya kai ka ya dawo da kai, caja ta biyu ta kamfanin a ajiye a can ta fi yawo da guda ɗaya kullum, domin girgiza tana lalata caja.

6. A kan titi

Direba yana ganin keke ya ɗauka a hankali yake tafe, sai ya shigo gabanka ko ya sha kwana a kanka. Ka rage gudu a kowace mahaɗa ko da kai ke da hanya, ka nemi ganin fuskar direban. Ka bar tazarar mita ɗaya tsakaninka da motocin da ke fake saboda ƙofa. Kada ka taɓa kutsawa ta gefen babbar mota ko bas a wurin da za ta iya juyawa, direbanta ba ya ganin ka. Fitila a kunne ko da rana, wutar da take ci ba ta taka kara ta karya ba. Keken ba shi da ƙara, don haka mai tafiya a ƙasa ba ya jin zuwanka: ka buga ƙararrawa tun daga nesa, ka wuce shi a hankali.

Ruwan sama na yau da kullum ba ya cutar da yawancin kekunan nan, amma ka sauke taimako mataki ɗaya, ka fara birki da wuri, ka guji fentin titi da murafun ƙarfe a kwana. Ruwan da ya kai tsayin cibiyar taya kuwa, kada ka shiga. A doguwar gangara kada ka riƙe birki tun daga sama har ƙasa, faifan zai yi zafi ya daina kamawa. Matsa, saki, matsa.

7. Kullewa

Sa kwaɗon ta cikin firam da tayar baya, ka haɗa da ƙarfen da aka kafa a ƙasa. Kwaɗon ya cika, kada a bar sararin da za a zura wani ƙarfe, kada kuma ya kwanta a ƙasa. Cire batir ka shiga da shi, haka allon idan mai cirewa ne. Wannan yana rage kwaɗayin ɓarawo, yana kuma raba batirin da zafin rana. Tun ranar farko ka ɗauki hoton lambar firam, wadda galibi take ƙarƙashin wurin feda, ka adana tare da rasit da lambar makullin batir.

8. Kulawa ta mako da ta wata

Duk mako ka auna iska. Taya mai ƙarancin iska tana cin batir, kuma ita ce ke sa tub ya tsinke wuri biyu idan ka daki bakin rami. Ka goge sarƙa da tsumma, ka ɗiga mai ɗigo ɗaya a kowace gaɓa kana juya feda baya, ka bar shi minti biyar, ka goge na waje tas. Man da ya rage a waje ƙura yake tarawa ta zama kamar sanfefa. Baƙin mai ba na sarƙa ba ne. Kada mai ko feshi ya taɓa faifan birki. Idan ya taɓa, wanke faifan da sifirit, takalman kuma yawanci sai an canza su.

Duk wata ka leƙa takalman birki. Idan naman da ke jikinsu ya kusa milimita 1, canza, kada ka jira ƙarfe ya fara cin faifai. A wannan keken suna ƙarewa da sauri fiye da yadda ka saba. Ka auna sarƙa da rula: cikakkun gaɓoɓi 12 na sabuwar sarƙa milimita 305 ne, idan sun kai 307 lokacin canji ya yi. Wanda ya bar ta ta wuce haka zai canza ta tare da haƙoran giya duka. Ka matsa wayoyin da ke riƙe da rim bibbiyu, musamman a tayar da ke da inji, domin sukan saki a kilomita ɗari biyu ko uku na farko. Guda ɗaya da ta yi laƙwas tana jawo karyewar maƙwabtanta, a kai wa mai gyara da wuri.

Wanki: cire batir, ka yi amfani da bokiti da soso. Injin wankin mota mai feshi da ƙarfi yana tura ruwa cikin inji da boris. Ka bar wurin da batir ke zama ya bushe sarai kafin ka mayar.

9. Faci a tayar da ke da inji

Gwada wannan a gida sau ɗaya kafin ya same ka a hanya. Kashe keken, cire batir, ka sa sarƙa a ƙaramin haƙori na baya. Idan za ka kifa keken, sa wani abu ƙarƙashin hannuwan don allon kada ya taɓa ƙasa. Ɗauki hoton notuna da wasoshin kowane gefe, wato zobban ƙarfen da ke ƙarƙashin noti, yadda suke jere. Bi wayar injin har inda aka haɗa ta, ka zare ta a miƙe ba tare da murɗawa ba, domin siraran alluran da ke ciki suna lanƙwashewa. Kwance notuna, fitar da tayar. Idan birkinka na mai ne, kada ka matsa hannunsa alhali tayar tana waje, takalman za su haɗe.

Bayan ka fitar da tub, bi cikin tayar da yatsa a hankali har ka samo abin da ya huda. Wajen mayarwa, zoben ƙarfen nan mai ɗan harshe ya shiga tsagar firam, shi ke hana sandar injin juyawa ta nannaɗe waya. Wurin da waya ke fitowa daga sandar ya kalli ƙasa don kada ruwa ya gangara ciki. Ɗaure notunan da ƙarfi sosai, ka daidaita kibiyoyi biyun da ke bakin wayar, ka tura har layin da ke jikin bakin ya ɓace.

Idan babu sufana a hannu, ba sai ka cire tayar ba. Ɓanɓare gefe ɗaya, jawo tub ɗin waje daidai inda ya huje, ka kankare, ka shafa gam, ka jira ya daina ƙyalli, ka manna facin, ka mayar.

10. Idan injin ya ƙi tashi

Kafin ka ɗauka abu babba ne, bi waɗannan. Batirin ya zauna har ya yi ƙas? Wasu suna da nasu makunnin a jiki, wasu kuma sukan yi barci idan sun daɗe a ajiye, sai an danna maɓallinsu. Idan allo ya kama amma babu taimako, duba hannun birki, wanda bai koma wurinsa sarai ba yana sa keken ya ɗauka birki kake yi. Duba ɗan maganaɗisun da ke jikin wayar taya ko faifan da ke bayan feda, idan ya goce daga gaban na'urarsa injin ba zai san kana tafiya ba. Duba mahaɗar wayar injin, musamman idan ka yi faci kwanan nan. Idan a tsakiyar dogon hawa ya yanke, zafi ne, ka ba shi minti goma, ka ci gaba da giya mai sauƙi. Lambar da allo ya nuna, ka rubuta ta ka duba littafin keken. Buɗe batir kuwa ba aikin gida ba ne ko kaɗan.

11. Yawon hutu da dogon ajiya

A tafiyar shaƙatawa ka juyo gida tun batir yana wajen kashi 60, musamman idan iska tana bayanka wajen zuwa ko gangara ka bi. Yi amfani da taimako mafi ƙanƙanta a shimfiɗe, ka adana babban don hawa. Idan za ka tura keken a tudu, yawancinsu suna da maɓallin da ke jan su da gudun mai tafiya a ƙasa, wajen kilomita 6 a awa. In za a ɗora shi a bayan mota, cire batir ka sa a ciki inda babu rana, ka tabbatar marataya tana ɗaukar nauyinsa. Jirgin saman fasinja ba ya karɓar batirin da ya wuce 160Wh, don haka na keke ba ya shiga.

Idan za ka bar keken wata guda ko fiye, sauke batirin zuwa kashi 40 zuwa 60, ka cire shi daga jikin keken, ka ajiye a busasshen wuri mai sanyi-sanyi. Ka duba shi duk wata ɗaya ko biyu, idan ya sauka ƙasa da kashi 30 ka ɗan ƙara masa. Wanda aka ajiye a ƙare yana ci gaba da zubar da wuta a hankali har ya kai inda caja ba za ta sake tayar da shi ba. Tayoyin ma ka riƙa buga musu iska, domin nauyin keken a kan tayar da ta sace yana tsattsaga gefenta.